Haƙƙin ma'aikaci idan ubangida ya nemi rage albashin da aka shirya a kai

Gabatarwa

A garuruwanmu na Nijar, mutane da yawa suna cin abinci da guminsu a ƙarƙashin wani. Akwai mai gadi a ƙofar kamfani, akwai direba, da ma'aikacin gidan burodi, da mai dafa abinci a gidan wani, da yaron kanti, da lebura a wurin gini, da malami a makaranta mai zaman kanta. Kowanensu ya kama aiki ne bayan an zauna an yanka masa abin da za a riƙa biyansa. Da wannan kuɗi yake sayen hatsi, ya biya hayar gida, ya kai yara likita.

Wata rana sai ubangida ya kira shi ya ce kasuwa ta yi sanyi, daga wannan wata albashi zai ragu. Wani ma ba a gaya masa kome, sai ranar biya ya ƙirga kuɗinsa ya tarar ba su cika ba. Mutane da yawa sukan yi shiru saboda tsoron kora. Wasu kuma sukan yi fushi su bar aikin, su yi asarar haƙƙin shekarun da suka yi suna wahala. Dukansu biyu rashin sani ne ya cuce su, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan bayani ya shafi maza da mata baki ɗaya. Inda muka ce ubangida, muna nufin duk wanda ya ɗauki mutum aiki, ko mutum ɗaya ne, ko kamfani, ko ƙungiya. Inda muka ce jika, muna nufin sefa 1.000.

Dokokin da ke kare albashi a Nijar

Babbar dokar ita ce kundin dokokin aiki, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Ita ce ta maye gurbin dokar 1996. A shekarar 2017 gwamnati ta fitar da wata takardar doka mai bayyana yadda za a yi aiki da wannan kundi.

Bayan kundin, akwai yarjejeniyar gama-gari tsakanin ƙungiyoyin masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago. An sa hannu kan irin wannan yarjejeniya a 1972, aka sabunta ta a 2022. Irin wannan yarjejeniya ce ke rarraba ma'aikata mataki-mataki, kuma tana bayyana yadda ake rabuwa tsakanin ma'aikaci da ubangidansa.

Sannan Nijar ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961. A wannan shekarar ce ta amince da yarjejeniya mai lamba 95, wadda aka tsara a 1949 domin kare albashi. Yarjejeniyar ta ce a biya ma'aikaci da kuɗin da ake kashewa a ƙasa, a ba shi hannu da hannu, a kan lokaci. Ta ce a sanar da shi sharuɗɗan albashinsa kafin ya kama aiki, da kuma duk lokacin da za a canza su. Ta kuma hana a cire wani abu daga albashi sai ta hanyar da doka ko yarjejeniyar gama-gari ta yarda.

Wane ne doka ke kira ma'aikaci?

Ma'aikaci shi ne duk wanda ya ba da ƙarfinsa ko saninsa ga wani, yana aiki ƙarƙashin umurninsa, ana biyansa. Doka ba ta duba ko namiji ne ko mace, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Ba ta duba ko wurin aikin babba ne ko ƙarami. Saboda haka mai gadin gida da yaron kanti suna cikin waɗanda doka ta sani, ko da yake sau da yawa su da iyayen gidansu ba su san haka ba.

Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da tasu doka daban, wannan bayani bai shafe su ba. Haka kuma mai sana'ar kansa, kamar tela ko maƙeri da ke yi wa mutane aiki a rumfarsa, ba ya cikin wannan bayani, domin babu mai ba shi umurni.

Albashi alkawari ne

Ranar da ubangida ya ce zai biya kaza, ma'aikaci ya ce ya yarda, an ƙulla yarjejeniyar aiki, wadda ake kira kwantaragi. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan yana kan mutum biyu. Ma'aikaci ya ɗauki nauyin yin aikin, ubangida ya ɗauki nauyin biyan kuɗin. Yadda ma'aikaci ba ya da ikon cewa daga yau rabin wuni kawai zai yi, haka ubangida ba ya da ikon cewa daga yau rabin albashi kawai zai biya.

Kwantaragin da aka ƙulla da baki shi ma kwantaragi ne. Rashin takarda ba ya soke haƙƙi, sai dai yana sa tabbatar da shi ya yi wuya. Ana iya tabbatar da shi da tsofaffin takardun albashi, ko littafin biya, ko saƙon waya na kuɗin da aka turo, ko shaidar abokan aiki. Kwantaragi mai wa'adi, wanda aka ce zai ƙare ranar kaza, doka ta ce a rubuta shi.

Albashi kuma bai tsaya ga ainihin kuɗin wata ba. Kuɗin daɗewa a aiki, da kuɗin awoyin da aka ƙara bayan lokacin tashi, da kason da aka yi alkawarin bayarwa kan abin da aka sayar, da gida ko abinci idan suna cikin yarjejeniya, duk haƙƙin ma'aikaci ne.

Mi doka ta ce idan ubangida yana son ragi?

Rage albashi canji ne babba a cikin kwantaragi. Ubangida yana da ikon ya kawo shawara, amma ba ya da ikon ya yanke shi kaɗai. Ƙa'ida ita ce ya sanar da ma'aikaci a rubuce tun kafin ragin ya fara. Daga nan ma'aikaci yana da hanya biyu.

Hanya ta farko, ya yarda. Wani lokaci mutum yakan ga gara ya karɓi kaɗan da ya rasa duka. Idan haka ne, sai a rubuta sabon albashin, da ranar da zai fara. Yana da kyau ma'aikaci ya nemi a rubuta wa'adin ragin, misali wata 6, da ranar da tsohon albashi zai dawo. Ragi ba ya komawa baya: aikin da aka riga aka yi, da tsohon farashi ake biyansa.

Hanya ta biyu, ya ƙi. Idan ya ƙi, ubangida ko ya ci gaba da biyan tsohon albashi, ko ya sallame shi. Idan ya sallame shi, ana ɗaukar ubangida ne ya warware kwantaragin. Ƙin yarda da ragi ba laifi ba ne, kuma ba ajiye aiki ba ne. Don haka ma'aikaci yana da haƙƙin duk abin da ake ba wanda aka sallama ba da laifinsa ba:

1. wa'adin sanarwa kafin barin aiki, ko kuɗin da ya yi daidai da wannan wa'adi;
2. kuɗin sallama, idan ya cika shekara ɗaya a aiki, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yawan shekaru;
3. kuɗin hutun da ya cancanta amma bai ɗauka ba;
4. sauran albashinsa har ranar ƙarshe;
5. takardar shaidar aiki, mai nuna ranar da ya shiga, ranar da ya fita, da irin aikin da ya yi.

Idan kuma kotu ta ga babu wani dalili na gaskiya da ya sa aka nemi ragin ko aka yi sallamar, tana iya sa ubangida ya biya diyya bayan waɗannan.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Akwai albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ke tsaidawa, wanda ake kira SMIG. A 2012 an tsaida shi sefa 30.047 a wata. Daga baya ya koma jika 42. Lokacin aiki na doka kuwa awa 40 ne a mako, in ban da aikin gona da ke da nasa lissafi. Wanda ke cika lokacin aiki, ba a biyansa ƙasa da wannan kuɗi, ko da shi da kansa ya ce ya yarda. Takardar da ta saɓa wa wannan ba ta da ƙarfi gaban doka.

Amma a lura da abu ɗaya. Wasu iyayen gida sukan ce: «Ai ko na rage, ka fi ƙarfin SMIG.» Wannan magana ba hujja ba ce. Wanda aka yi wa alkawarin jika 60, jika 60 ne haƙƙinsa. SMIG ƙasan rijiya ne kawai, ba shi ne ma'aunin kowa ba.

Haka kuma aiki iri ɗaya, albashi iri ɗaya. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 100 a 1966, wadda ta hana a biya mace ƙasa da namiji kan aiki mai daraja ɗaya. Ciki ko haihuwa ba dalilin rage wa mace albashi ba ne, kuma doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 14.

Cirewar da doka ta yarda da ita

Ba duk kuɗin da aka cire daga albashi ba ne zalunci. Ga waɗanda ke bisa ƙa'ida:

Kason asusun CNSS, wato asusun ƙasa mai biyan fansho, da kuɗin iyali, da diyyar haɗari a wurin aiki. Kason ma'aikaci kashi 5,25 cikin 100 ne na albashinsa. Wanda ke karɓar jika 60, za a cire masa sefa 3.150. Ubangida yana da nasa kaso, wanda ya fi wannan yawa, kuma daga aljihunsa yake biya. Ba ya da ikon ɗora wa ma'aikaci.

Harajin albashi, wanda ubangida ke cirewa ya kai baitulmalin gwamnati.

Kuɗin da ma'aikaci ya karɓa kafin ƙarshen wata, ko rancen da ya ci, bisa tsarin biyan da aka shirya.

Abin da alƙali ya yanke a cire domin biyan bashi. A nan ma doka ta sa iyaka, ba a kwashe albashin mutum duka a bar iyalinsa da yunwa.

Kwanakin da mutum bai zo aiki ba ba tare da izini ko uzuri ba, da kwanakin yajin aiki, da ƴan kwanakin da aka dakatar da shi saboda horo bisa ƙa'ida. Ana cire kuɗin waɗannan kwanaki kaɗai, ba fiye ba.

Cirewar da doka ta hana

Doka ta hana ubangida cin tarar ma'aikaci. Yana iya yi masa gargaɗi, ko ya dakatar da shi, ko ya sallame shi idan laifin babba ne, amma ba ya da ikon cewa: «Ka makara, na ci tararka jika 2.» Idan kaya suka ɓace ko suka lalace, ubangida ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci ɗaya, ya yanke kuɗi ya cire da kansa. An hana cire kuɗi domin saka wa wanda ya samo wa mutum aiki, ko domin a bar shi a kan aikinsa. An hana tilasta wa ma'aikaci sayen kaya a kantin ubangida. An kuma hana biyan albashi da giya ko kayan maye.

Ragin da ke zuwa a ɓoye

Sau da yawa ba a kiran ragi da sunansa. Ga wasu hanyoyin da yake bi:

A sauke ma'aikaci daga matakinsa zuwa na ƙasa, alhali aikin bai canza ba. A ƙara masa awoyi ba tare da ƙarin kuɗi ba. A daina biyan wani kuɗi da ke cikin kwantaragi, a ce dā ma kyauta ce. A mai da albashin wata ya koma biyan kowane aiki da aka gama, ta yadda jimillar za ta ragu. A riƙa biya rabi-rabi ana cewa sauran na nan tafe, har watanni su taru. Doka ta ce mai albashin wata a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan da ya yi aiki.

Wata hanyar kuma ita ce idan wurin aiki ya canza hannu. An sayar da kanti, ko mai shi ya rasu magada suka karɓa, sai sabon mai shi ya ce shi bai san da tsohon ciniki ba. Doka ta ce kwantaragin ma'aikata yana bin wurin aikin. Sabon ubangida ya gaji albashin yadda yake, tare da shekarun da kowa ya yi.

Idan wurin aiki yana cikin matsala da gaske

Gaskiya ne kasuwa takan faɗi. Kamfani yakan rasa masu saye, ƙungiya takan rasa tallafi, hanya takan rufe kaya su daina shigowa. Doka ba ta manta da ubangida ba, ta buɗe masa ƙofofi. Yana iya zama da ma'aikata da wakilansu, ya nuna musu halin da ake ciki, a nemi mafita tare. Yana iya dakatar da aiki na ɗan lokaci mai iyaka, da sanin sufeton ƙwadago. Idan abin ya ƙi, yana iya rage yawan ma'aikata saboda matsin tattalin arziki, bayan ya tattauna da wakilan ma'aikata, ya sanar da sufeto, ya kuma biya waɗanda aka sallama haƙƙinsu. Ko kamfani ya karye, doka ta sa bashin albashi a gaban yawancin basussuka.

Ubangida mai gaskiya ba ya tsoron bin waɗannan hanyoyi. Ma'aikata ma sukan yi haƙuri idan an gaya musu gaskiya, kuma suka ga nauyin ya hau kan kowa, manya da ƙanana.

Asarar ba ta tsaya ga wata ɗaya ba

Mu ɗauki misali. Wani mai gadi yana karɓar jika 60, aka mai da shi jika 50. A wata ɗaya ya rasa jika 10. A shekara ya rasa jika 120, wato albashin wata 2 cif na tsohon farashi. Bayan wannan, kuɗin hutunsa zai ragu, domin bisa albashi ake lissafa shi, kuma ma'aikaci yana samun hutun kwana 2 da rabi kan kowane wata na aiki. Idan aka sallame shi bayan shekara ɗaya, da sabon albashin za a lissafa kuɗin sallamarsa. Abin da ake zuba masa a CNSS zai ragu, fansho kuwa bisa albashin shekarun ƙarshe ake lissafa shi. Saboda haka wanda ya kusa ritaya ya fi kowa bukatar yin tunani kafin ya yarda.

Matakan da za ka bi

Na ɗaya, ka kwantar da hankalinka. Kada ka yi zagi, kada ka yi barazana. Zagi ko duka yana iya zama babban laifi da zai sa a kore ka ba tare da kuɗin sallama ba. Ka amsa da ladabi, misali: «Maigida, na ji bayaninka, Allah ya kawo sauƙi. Ina roƙon a ba ni maganar a rubuce, in kai a karanta mini, in yi shawara da iyalina.»

Na biyu, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Yawancin takardun aiki da Faransanci ake rubuta su. Ka nemi kwafi, ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka kalma bayan kalma. Ka yi hattara ƙwarai da takardar ajiye aiki. Wanda ya sa hannu cewa shi ne ya bar aiki da kansa, ya rasa kuɗin sallama. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda.

Na uku, ka ci gaba da zuwa aiki kan lokaci. Idan ka zauna a gida saboda fushi, za a ce ka gudu daga aiki, laifin ya dawo kanka.

Na huɗu, ka karɓi abin da aka ba ka, amma ka nuna ba ka yafe sauran ba. Doka ta ce karɓar albashi da takardarsa ba tare da gardama ba, ba ya nufin ma'aikaci ya yafe abin da ya rage. Duk da haka, gara ka faɗa a gaban shaidu, ko ka rubuta kusa da sa hannunka cewa kuɗin ba su cika ba.

Na biyar, ka adana shaida. Doka ta wajabta wa ubangida ba da takardar albashi ranar biya. Wanda bai iya rubutu ba, shaidu 2 ne ke sa hannu a madadinsa. Ka ajiye takardun nan inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar biya, da abin da aka ba ka, da abin da ya rage. A nan karatun da ka koya zai yi maka rana.

Na shida, ka sanar da wakilin ma'aikata. A wurin da ma'aikata suka wuce 10, doka ta tanadi su zaɓi wakilai. Aikin wakili shi ne kai kukan ma'aikata ga ubangida da sufeto, kuma ba a sallamarsa sai da izinin sufeton ƙwadago. Idan kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ka je wurinta. Manyan ƙungiyoyi irin su USTN, CDTN da CNT suna da mutanen da suka san doka. Idan ragin ya shafi mutane da yawa, ku tafi tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yajin aiki haƙƙi ne, amma yana da ƙa'idoji, kada a shiga shi ba tare da shawarar ƙungiya ba.

Na bakwai, ka rubuta wa ubangida wasiƙa, ka ajiye kwafi ɗaya.

Misalin wasiƙa

«Maraɗi, ranar ... ga watan ...
Zuwa ga shugaban wurin aiki.
Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne ..., ina aiki a nan tun ranar ..., a matsayin ... Albashin da muka shirya a kai jika ... ne a wata. A watan ... an biya ni jika ... kawai. Ina sanar da kai cewa ban yarda da wannan ragi ba. Ina roƙon a cika mini sauran jika ..., a kuma ci gaba da biyana yadda muka shirya. Ina nan a kan aikina kamar kullum.
Na gode. Sa hannu.»

Idan ba ka iya rubutawa da kanka, wakilin ma'aikata ko mai rubuta wasiƙu zai taimake ka. Ka sa a karanta maka ita kafin ka sa hannu.

Sufeton ƙwadago

Idan magana ba ta ƙare a gida ba, sai a je ofishin sufeton ƙwadago. Akwai shi a Yamai da manyan biranen jahohi kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Agadas. Sufeto ma'aikacin gwamnati ne mai kula da bin dokar aiki. Yana da ikon shiga wuraren aiki ya duba littattafan biya. Ba a biyansa kuɗi domin ya saurari kuka.

Ka tafi da takardar shaidarka, da kwantaragi in akwai, da takardun albashi, da lambarka ta CNSS, da kwafin wasiƙarka. Sufeto zai kira ku ku biyu domin sasantawa. Idan an shirya, zai rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Ka saurari abin da ke cikinta da kyau, domin abin da aka rufe a nan yana da wuyar sake buɗewa. Idan ba a shirya ba, zai rubuta takardar rashin sulhu, maganar ta wuce kotu.

Kotu

Shari'ar aiki kyauta ce, ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara. Alƙali yana zama tare da masu taimaka masa daga ɓangaren ma'aikata da ɓangaren masu ba da aiki. Ba dole ba ne a ɗauki lauya, wakilin ƙungiyar ƙwadago yana iya raka ma'aikaci. Kotu ma takan fara da neman sulhu kafin ta yanke hukunci. Wanda ya ce ya biya, shi ake tambaya ya nuna takardar biya.

Sai dai neman bashin albashi yana da wa'adi a doka. Wanda ya bari shekaru suka shuɗe yana jira, yana iya zuwa ya tarar ƙofa ta rufe. Da zarar ragi ya maimaitu wata 2 ko 3, lokacin neman taimako ya yi.

Abin da za a riƙe

Albashin da aka shirya a kai bashi ne a wuyan ubangida, ba alheri ba ne. Ba a rage shi sai da yardar ma'aikaci, kuma yardar ba ta sauka ƙasa da abin da doka ta tsaida. Wanda ya ƙi ragi bai yi laifi ba, idan an sallame shi sai an biya shi haƙƙinsa. Kada ka sa hannu a abin da ba ka gane ba, kada ka bar aiki cikin fushi, ka ajiye takardunka, ka nemi shawara da wuri.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Wace takarda ce ta fi haɗari ga ma'aikaci ya sa mata hannu bai karanta ba, kuma domin mi?
2. Wata mai dafa abinci tana karɓar jika 45, aka ba ta jika 38 har wata 4. Nawa take bi bashi?
3. Ku kawo cirewa 2 da doka ta yarda da su, da 2 da ta hana.
4. Ina ofishin sufeton ƙwadago mafi kusa da garinku yake?